Mota tana ɗaukar mutum nawa? Hirata da Yaya kan Sharon da Sienna

Makon jiya Yaya ya kira ni daga Kano bayan sallar isha'i. Ya ce ya tara 'yan kuɗi yana son motar iyali, kuma dillali ya kawo masa guda biyu, Sharon da Sienna, duk na hannu. Wacce zan ba shi shawara? Na ce, "Yaya, ku nawa ne za ku riƙa shiga?" Ya yi lissafi: shi, matansa biyu, Hajiyarmu, da yara bakwai. Mutum 11. Na ce ai duk motocin nan kujerunsu ba su wuce bakwai ko takwas ba. Sai ya ce, "To ai yara ne, a cinya za su zauna."

Maganar nan ita ta hana ni barci, domin shekaru goma da suka wuce ni ma haka zan faɗa, kuma ba zan ga laifinta ba.

A cikin irin wannan lodi muka tashi. Mahaifinmu yana da Peugeot 504 mai dogon baya, irin wadda ake harhaɗawa a Kaduna, mai layin kujeru uku. Ranar Sallah idan za mu ƙauye, manya su zauna, kowa ya ɗora yaro a cinya, mu samari a cusa mu can baya tare da buhun shinkafa da galan ɗin mai. Ba wanda ake bari a gida. Har yau ina ganin wannan a matsayin abu mafi kyau a tarbiyyarmu: motar mutum ɗaya ta dangi ce duka. Maƙwabciya ta fara naƙuda da tsakar dare, ƙofar mai mota ake bugawa. Abin da na daina yarda da shi shi ne a ce zumuncin nan ba zai yiwu ba sai an ɗora rai a kan rai.

Ina zaune a Birmingham ta Ingila. Gidana mu bakwai ne: ni, maiɗakina, yara huɗu, da surukata da take zuwa ta yi watanni. Lokacin da na tashi sayen mota, abu na farko da na gane shi ne a nan ba a tambayar ko za a iya matsawa. Bel ake ƙirgawa. Kujera bakwai, bel bakwai, mutum bakwai, ko da na bakwai ɗin jinjiri ne ɗan kwana arba'in. Doka ta ce yaro ya zauna a kujerarsa ta musamman har sai ya kai shekara 12 ko tsayinsa ya kai santimita 135. Wannan kaɗai ya fitar da motoci da yawa daga lissafina, domin kujerun yara uku ba sa jeruwa a layin tsakiya na ƙananan motoci. Akwai masu kujeru bakwai da yawa a kasuwa, kamar Vauxhall Zafira, kuma suna da araha, amma layin bayansu na yara ne. Dattijuwa mai ciwon gwiwa ba za ta yi tafiyar awa biyu a can ba.

Na fara hangen manya masu kujeru takwas ko tara, irin su Hyundai i800 da Ford Tourneo Custom, tunda lasin tuƙi na kowa da kowa a nan yana ba ka damar ɗaukar fasinja har takwas ban da direba. Na sami wata ta 2012 mai amfani da dizal, kuɗinta daidai aljihuna, na kusa ba da kafin alƙalami. Wani abokin aiki ya ce in saka lambarta a shafin gwamnati tukuna. Ashe tun 1 ga Yuni 2021 tsakiyar Birmingham ya zama yankin da ake cajin motocin da hayaƙinsu bai cika sharaɗi ba, fam 8 kowace rana. Dizal da aka yi kafin wajen 2015 galibi ba ta tsira, mai fetur kuwa daga wajen 2006 tana wucewa kyauta. Wurin aikina yana cikin yankin. Fam 40 ke nan a mako, kusan fam 2,000 a shekara, kafin a yi maganar inshora da harajin hanya. A Landan ma kuɗin ya fi haka, fam 12.50 ne. Motar da ta fi araha a wurin dillali ita ce za ta fi cin aljihuna.

Wata kuma na je gani a wata unguwa, fes da ita, mai ita yana ta yaba ta. A nan duk motar da ta haura shekara uku sai an kai ta gwajin lafiya kowace shekara, wanda suke kira MOT, kuma kowa na iya duba tarihin gwajin kyauta a intanet da lambar mota kawai. Ina tsaye gabansa na duba a waya. Tafiyar da aka rubuta mata shekaru biyu baya ta fi wadda mitarta take nunawa a ranar. An mayar da mita baya. Na yi masa sallama na tafi.

A ƙarshe SEAT Alhambra mai fetur na saya, bayan na sha nema, don masu dizal sun fi yawa. Abin da ya burge ni shi ne ita da Sharon ɗinmu ta gida uwa ɗaya uba ɗaya suke. Volkswagen Sharan, wadda muke kira Sharon, ta fito a 1995, kuma a masana'anta ɗaya a Fotugal aka riƙa ƙera ta tare da Alhambra da Ford Galaxy ta farko. Wato motar da nake ɗaure wa mutum bakwai bel a cikinta, ƙanwar wadda ake loda wa fasinja biyu a gaba, huɗu a tsakiya, wasu a baya, a tashoshinmu ce, ga kaya an ɗaure da igiya but a buɗe. Birkinta da tayoyinta da shokozobanta an auna su ne da nauyin mutum bakwai. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Zariya ya san yadda Sharon mai lodi take zama a kan tayoyin baya, kuma ya san abin da ke biyo baya idan taya ta fashe ana gudu. Yaron da ke cinya ba abin da ke riƙe da shi sai hannun uwarsa, hannu kuwa ba ya iya riƙe yaro idan mota ta tsaya farat ɗaya.

Ban ce komai na nan ya fi na gida ba. Akwai hikimar da mutanenmu suke da ita wadda na rasa a nan. A Kano tambayar farko ita ce, bakanike ya san ta? Kayanta na samuwa a Ƙofar Ruwa? Wannan tambaya ta fi kwalliyar mota muhimmanci. Mota ta mutu maka a Ɗambatta ko Funtuwa, idan irin wadda 'yan haya ke ja ce, kafin la'asar an tashe ta. Ni a nan ƙaramin gyara sai na jira kwanaki kafin gareji ya ba ni rana, kuɗin aiki kuma da awa ake lissafa shi. Saboda haka ban taɓa ba wani na gida shawarar ya sayi baƙuwar mota don ta yi kyau a hoto ba. Masu cewa in turo musu daga nan kuma, ina tuna musu cewa sitiyarin motocin Ingila a dama yake, Najeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, motar da ta dace da titinmu mai sitiyari a hagu ce.

Tsakanin biyun da aka kawo wa Yaya, na gaya masa abin da na sani. Sienna 'yar Amurka ce, ta fi faɗi, wasu suna zuwa da kujeru takwas, kuma injinta na da juriya. Amma yawancin waɗanda ke kasuwarmu masu silinda shida ne, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 duk mai babban inji ya san abin da yake ji a gidan mai. Sharon ta fi sauƙin sha, sai dai da yawa daga cikin na hannu sun riga sun yi shekaru a haya kafin a wanke su a yi musu fenti. Na ce ya tafi da bakanikensa, ba wanda dillali ya kawo ba. A ɗaga ta a leƙa ƙasa, a duba ko an taɓa buɗe injin, a tuƙa ta har ta yi zafi a ga ko giya na shiga lafiya. Ya tabbatar lambar shasi ta jikin mota ita ce a takardun kwastam, tunda an hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu a farkon 2017, kuma 'yar Kwatano marar cikakkun takardu tana iya kwana a hannun jami'ai. Idan Sienna ce, ya turo mini lambar in bincika, don motocin Amurka da dama daga gwanjon waɗanda suka yi hatsari ko ambaliya ta shanye ake sayo su.

Sannan na koma kan mutum 11. Na ce, "Yaya, sau nawa a shekara kuke fita dukanku?" Ya ce Sallah biyu, sai biki ko suna. Kullum kuwa kai yara makaranta ne, da kai Hajiya asibiti, da cefane. To ra'ayina ke nan: ya sayi mai kujeru bakwai ko takwas don hidimar kullum, ranar tafiyar gayya kuma ya ɗauki shatar Hiace, ko a raba mutane mota biyu. Kuɗin shata sau huɗu ko biyar a shekara bai kai bambancin kuɗin sayen bas ba, wadda 'yan haya suka sa ta yi tsada. Haka nake yi a nan idan ɗan ƙanwata da ke karatu ya zo muka zama takwas: ko dai ya bi jirgin ƙasa mu haɗu a can, ko in yi hayar mai kujeru tara na kwana biyu.

Yaya ya yi shiru, sannan ya ce mutane za su ce yana da mota amma yana ɗaukar shata. Na ce su faɗa. Jiya da safe ya turo mini hoton lambar shasin Sienna ɗin, da saƙo cewa ya leƙa layin baya ya tarar bel biyu an yanke su, kuma ya gaya wa dillali sai an sa sababbi kafin a yi maganar ciniki.