Kuɗinta na cikin ginin, sunanta ba ya takarda

A nan Ingila, idan aure ya mutu, alƙali yakan tattaro abin da miji da mata suka mallaka, gida da fansho da ajiyar banki, ya duba su gaba ɗaya, ko sunan wa ke jikin takarda. Dokar aure da saki ta 1973 ce ta ba shi wannan iko. A shekarar 2000 kuma, a shari'ar rabuwar wasu ma'aurata masu suna White, babbar kotun ƙasar ta ce kada a fifita wanda ya fita nema a kan wanda ya zauna rainon yara. Bashi kuwa, in su biyu suka sa hannu, banki na iya bin kowannensu dukan kuɗin, ba ruwansa da sun rabu.

Mazanmu da ke nan suna kiran wannan zalunci. Ni ma ba na so a kwaso shi a kai mana gida. Tsarin Musulunci ya fi kwanta mini: dukiyarta tata ce, tasa tasa ce, sadaki nata, ci da sha da muhalli a wuyansa.

Amma a dubi yadda muke yi da shi. Mace ta sayar da sarƙarta ta gwal aka sayi fili. Albashinta wata bayan wata ya tafi siminti da kwanon rufi. Ta ce a rubuta, ya ce, "Haba, ai na 'ya'yanmu ne." Ranar da ya miƙa mata takarda, da akwatinta kawai za ta fita. Har bashin da ta karɓo masa wurin yayanta, ita za a riƙa yi wa aike. Wannan cin amana ne, kada wani ya jingina shi da shari'a.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take, ba ta cire ma'aurata ba. Aya ta 241 ta yi maganar kyautar sallama ga wadda aka saki. Sau nawa ka ji an bayar? Maroko, 'yan Malikiyya irinmu, sun sa a dokar iyalinsu ta 2004 cewa ma'aurata na iya rubuta yadda za su raba abin da suka tara, in ba su rubuta ba alƙali ya duba wahalar da kowa ya sha wajen tarawa.

Alƙalanmu ma suna iya tambayar miji, a gaban shaidu, da kuɗin wa aka yi rufin gidan.