Kafin ka kira mutum jahili, ka fara jin harshensa

'Yan'uwana matasa, don Allah mu rage saurin raina al'adar da ba mu sani ba. Abin da ya faru a garin Kahamarka na ƙasar Peru ran 16 ga Nuwamba, 1532, ya isa ya tsorata mu.

A ranar Fizaro, jagoran mayaƙan Sifaniya, ya zo da Sifaniyawa da ba su kai ɗari biyu ba, suka gana da Atahuwalpa, sarkin Inka. Wani fada, wato limamin Kirista, mai suna Balberde ya miƙa masa littafin addini ta bakin tafinta. Mutanen Inka, mazauna tsaunukan Andis, ba da tawada da takarda suke ajiye lissafinsu ba, da igiyoyi ne masu ƙulle-ƙulle da ake kira kifu. Littafin ya ƙare a ƙasa, nan take aka buɗe wuta, aka kashe dubbai. Babu wanda ya tsaya ya tambayi abin da sarkin ya fahimta. Da suka kama shi, ya tara musu zinariya da azurfa don fansar kansa, duk da haka suka kashe shi a 1533.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne wani tsarin aiki da ake kira mita. A zamanin Inka, mita aiki ne na karɓa-karɓa: ka yi wa hukuma noma ko gyaran hanya, ita kuma ta ciyar da kai, ta buɗe rumbunanta idan fari ya zo. Tushensa taimakon juna, kusan irin gayyarmu. A shekarun 1570 Toledo, gwamnan Sifaniyawa a Peru, ya riƙe sunan, ya zubar da amanar da ke cikinsa. Aka riƙa kwashe ɗaya cikin kowane maza bakwai zuwa ramukan azurfa na Potosi, da yawa ba su komo gida ba. Kun ga, wannan ya san al'adar sarai, ya yi amfani da sanin ne ya cuci masu ita. Duk wanda ya koyi halin abokin zamansa don ya san ta inda zai kama shi, to sahun Toledo yake bi, ko a kasuwa ne ko a makaranta.

In koyi za ku yi, ga Domingo de Santo Tomas. Shi ma fada ne Basifaniye, amma ya zauna cikin mutanen shekara da shekaru yana sauraro. A 1560 ya wallafa nahawu da ƙamusun Kecuwa, harshen Inka, ya kuma shaida wa Sarkin Sifaniya Filib na Biyu cewa mutanen da harshensu ke da tsari haka bai dace a kira su mutanen daji ba.