Gwanintar Shakespeare tana cikin abin da ya canza a labaran da ya aro

Masu sukar William Shakespeare sukan ce bai iya ƙago labari ba, kuma suna da gaskiya. A cikin wasanni 36 da abokan aikinsa John Heminges da Henry Condell suka tattara suka buga a 1623, shekara bakwai bayan mutuwarsa, 'yan kaɗan ne ba a san inda ya ɗauko ƙashin labarinsu ba. Tarihin sarakunan Ingila da Sikotilan daga littafin Holinshed ya kwaso shi, na Rumawa daga Plutarch ta fassarar Thomas North ta 1579, labaran soyayya da kishi kuma yawanci daga Italiya suka fito. A ganina wannan bai rage masa daraja ba. Duk mai son ya san dalilin da ya sa har yau ake nuna wasanninsa, ya ajiye asalin labarin a dama, wasan a hagu, ya duba me aka cire, me aka ƙara.

Shakespeare ɗan sana'a ne. An haife shi a Stratford a 1564, ɗan baduku mai ɗinka safar hannu, kuma bai je jami'a ba. Zuwa 1592 an san shi a Landan, sannan da ƙungiyarsa ta gina gidan wasa na Globe a 1599, yana da kashi 10 cikin 100 na ginin. Ke nan arzikinsa yana rataye ne da kuɗin ƙofa. Gidan yana ɗaukar mutum kusan 3,000, talaka na biyan kwabo ɗaya ya tsaya da ƙafarsa a fili marar rufi. Ana fara wasa wajen ƙarfe biyu na rana, babu fitila, babu labule, kayan ƙawata dandali kaɗan ne, kuma yara maza waɗanda muryarsu ba ta fashe ba su ne ke fitowa a matsayin mata. A unguwar akwai inda ake haɗa karnuka faɗa da namun daji, wanda ya gundura can zai tafi gobe da kwabonsa. Marubucin da ke son riƙe mutum a tsaye fiye da awa biyu ba shi da damar jan zance.

Shi ya sa gyaransa na farko matse lokaci ne. A waƙar Arthur Brooke ta 1562, labarin Romeo da Juliet ya ɗauki watanni. Shakespeare ya dunƙule shi daga Lahadi zuwa asubahin Alhamis. An ɗaura auren a ɓoye ranar Litinin, kafin rana ta faɗi Romeo ya kashe ɗan uwan amaryar. Babu inda dattijo zai sami sararin shiga tsakani, ko fushi ya sami daren hucewa. Gaggawar kanta ita ce ajalinsu.

Inda aikin ya fi fitowa fili shi ne Othello. A labarin marubucin Italiya Cinthio na 1565, wanda Shakespeare ya aro, mugun sojan son matar ubangidansa yake yi, bai same ta ba, sai so ya koma ƙiyayya. Dalili ne mai sauƙi, mai karatu ya fahimta ya wuce. Shakespeare ya ƙi ba nasa mugun sojan, Iago, dalili guda tsayayye na cutar ubangidansa Othello. Yanzu ya ce an tsallake shi an ba wani soja, Cassio, muƙami, an jima ya ce yana zargin Othello da neman matarsa, kuma ko ɗaya bai kai girman ɓarnar da ya yi ba. Da aka kama shi aka nemi bayani, ya ce daga yau ba zai ƙara buɗe baki ba. Mai kallo zai koma gida da tambayar da babu mai amsa masa, kuma haka annamimanci yake a zahiri: sau da yawa wanda aka cuta har ya mutu bai san laifinsa ba.

Dubi yadda zugar ke aiki a fitowa ta uku ta kashi na uku. Iago bai fara da ƙarya ba. Tambaya ya yi a kan Cassio, ya maimaita kalmar da Othello ya faɗa, ya yi shiru, ya nuna kamar maganar ta yi masa nauyi, har sai da Othello da kansa ya roƙe shi ya faɗi abin da ke ransa. Daga nan ya taɓa inda ke ciwo: Othello baƙo ne a Venice, ɗan Afirka, ya girmi matarsa, bai san halin matan garin ba. Kafin fitowar ta ƙare, mutumin da ya shigo cike da yarda da matarsa ya durƙusa yana rantsuwar ɗaukar fansa, alhali hujjar ba ta wuce mafarkin da aka ba shi labari da hankici guda ba. A wurin Cinthio, da safa cike da yashi aka doke matar har ta mutu, aka rufto rufin ɗaki don a ce hatsari ne. Shakespeare ya kawar da duk wannan, ya bar miji da mata a ɗakin kwanansu, yana sumbatar ta tana barci kafin ya maƙure ta.

Haka ya yi wa King Lear. Tsohon wasan da ya tarar ya ƙare ne da 'yar sarkin ta kirki ta mayar wa ubanta mulki. Shi kuwa ya shigo da tsohon ɗauke da gawarta. Abin ya yi wa Turawa nauyi har Nahum Tate ya sake rubuta ƙarshen a 1681 ya bar ta da rai ta yi aure, kuma wannan kwaskwarimar ce ta riƙe dandalin Ingila kusan shekara 150.

Ba kowane canji nasa ne zan yaba ba. Dubi wasan Macbeth. A littafin Holinshed, Banquo yana cikin waɗanda suka haɗa kai da Macbeth aka kashe Sarki Duncan na Sikotilan, kuma Macbeth ya yi mulki shekara 17, goma daga ciki cikin adalci. Amma Sarki James na Ɗaya, wanda ya zama uban ƙungiyar Shakespeare a 1603, yana danganta kansa da zuriyar Banquo. Sai aka wanke Banquo tas, aka mayar da Macbeth azzalumi tun daga hawansa mulki. Wannan fadanci ne, kuma jami'in fada mai tace wasanni yana karanta kowane rubutu kafin a nuna shi. Kada kowa ya koyi tarihin Birtaniya daga bakin Shakespeare. Sai dai a wasan nan ɗin ne ya ɗauko kisan wani sarki daban daga littafin, ya mayar da mutuwar Duncan ta zama kisan baƙo yana barci a gidan mai masaukinsa. Cin amanar ya ninka uku: sarkinsa ne, ɗan uwansa ne, baƙonsa ne.

A makarantunmu, inda ɗaliban adabin Ingilishi ke karanta shi domin jarrabawar WAEC, matsalar ita ce ana koyar da taƙaitaccen labarin, wato ɓangaren da ba nasa ba. Ɗalibi ya haddace wa ya kashe wa, ya bar abin da marubucin ya yi gumi a kansa. Gyaran ba ya buƙatar kuɗi. Malami ya zaɓi fitowa ɗaya, ya raba wa ɗalibai matsayi, su miƙe su karanta da murya. Yawancin layukan gaɓa goma ne, mai nauyi na bin mai sauƙi sau biyar, kuma wanda ya saba da karin waƙa zai kama shi da wuri. A gwada da fitowa ta biyu ta kashi na biyu na Macbeth, bayan kisan. Miji da mata suna jefa wa juna kalma ɗaya, biyu, suna raba layi guda a tsakaninsu. A takarda guntayen tambayoyi ne kawai. Idan ɗalibai biyu suka faɗe su ba tare da jan numfashi a tsakani ba, ajin zai ji firgicin mutum biyu masu raɗa cikin duhu, hannun ɗaya duk jini, kafin a fara buga ƙofa.