Tikitin jirgin ruwa ba biza ba ne

Matafiya da dama daga Yamai suna ɗauka da zarar sun biya kuɗin yawon jirgin ruwa na hutun hunturu, maganar biza ta ƙare. Ba haka abin yake ba.

A ce jirgin zai tashi daga Basalona a Disamba, ya ratsa Kasablanka ta ƙasar Maroko, ya komo Sifaniya. Zuwa Maroko fita ce daga yankin Shengen (rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya, har da Sifaniya), komowar kuma sabuwar shiga ce. In bizarka ta shiga sau ɗaya ce, tun a tasha ma'aikata za su iya hana ka hawa, kuma da wuya a mayar maka da kuɗinka.

Duba tambarin bizar, wurin adadin shiga: ka nemi 02 (shiga sau biyu) ko MULT (shiga sau da yawa). Fasfo kuwa, yawancin kamfanoni na son ya kasance da sauran wata 6 kafin ya ƙare aiki, bayan dawowa.