Na sayi kyamara, ɓarawo na cin karensa babu babbaka

Wallahi yau sai na amayar da abin da ke cikina. Injin casar shinkafa gare ni a wani ƙauye kusa da Kura, kuma tun kakar bara buhu ke yin ƙafa a sito, yau ɗaya, jibi biyu. Aka ba ni shawarar in sa kyamara irin wadda ake jonawa da kwamfuta, ina zaune a ofis ina ganin komai. Na ɗauko wani yaro daga birni, wai injiniya. Ya zo da jaka a baya yana ta "Alhaji, ai wannan ƙaramin aiki ne." Na biya kuɗin kyamara huɗu, na biya na aiki, har na mota.

Kwana tara aka yi ana ganin hoto. Ran na goma kyamarar sito, wadda dominta aka sha duk wannan wahala, ta ɗauke, gurbinta a kwamfuta baƙi ƙirin. Na kira shi, wai matsalar sabis ce. Wane sabis? Waya ce fa ta taso daga kyamara ta shiga akwatin da ke rarraba wayoyi, ko layi babu a ciki! Don ina ƙauye shi ne za a mayar da ni baƙauye?

Sai da ɗan ƙanwata da ke jami'ar Wudil ya zo hutu asiri ya tonu. Ya bi wayar ya auna, ya ce, "Kawu, irin wannan iyakarta mita 100, taka ta kusa 130, kuma ita ce ke kai wa kyamarar wuta, ita ke dawo da hoto." Ya yanki bakinta ya kankare da reza a gabana. Jan ya tafi, fari ya bayyana. Alminiyam ne aka yi wa shafen jan ƙarfe, ni kuwa kuɗin jan ƙarfe zalla na ƙirga wa injiniyan. Ga ta a yashe bisa kwano, ko bututu bai zura ta ba, rana ta gasa ta har tana ɓarewa.

Bai ƙare ba. Kyamara biyu lambar adireshi ɗaya ya bar musu, wato lambar da kwamfuta ke bambance kowace kyamara da ita, shi ya sa in ta bakin ƙofa ta fito sai ta wajen sikeli ta ɓace, kamar kishiyoyi a ɗaki ɗaya. Ɗan ƙanwar tawa ya ce zai gyara, muka nemi kalmar sirri, ashe malam injiniya ya tafi da abarsa a ka. Kayana, kuɗina, amma sai da izininsa zan shiga!

Yau sati uku ba ya ɗaga wayata. In na kira da ta direbana, yana jin muryata sai ya ce yana kan babur. Daren Talatar nan buhu uku suka sake fita, kyamarar tana bisansu, ƙurar dusa ta rufe mata ido. Gobe da sassafe ina hanyar birni, kuma guntuwar wayar nan tana aljihuna.