Wanda bai san labarinsa ba, suna ba zai zo masa ba

Ƙorafi biyu ne suka fi yawo a zaurukan marubutanmu na WhatsApp, daga Marwa zuwa Garwa, Ngaundere da Kuseri a arewacin Kamaru, har Injamena a Chadi. Wannan ta ce ta gama littafi amma ta rasa sunan da za ta sa masa. Wancan ya ce ya kai babi na bakwai, alƙalami ya cije. Ana ba na farko shawara daban, ana ba na biyu daban. Ni a ganina ciwon ɗaya ne: marubucin bai riga ya san abin da labarinsa yake magana a kai ba.

Gwajin ba wuya. Ɗauki takarda ka rubuta labarin cikin jimla ɗaya: wane ne, me yake nema, wa ya tare masa hanya, me zai rasa idan ya samu. Misali, yarinya daga Kuseri tana son ƙarasa karatun aikin jinya, kawunta da ke riƙe da gadonsu ya ce sai aure, in ta bijire kuma mahaifiyarta ce za a fitar daga gida. Idan jimlar ta ƙi tsayuwa, ko ta koma "labari ne na soyayya da cin amana da darussan rayuwa", to ba suna ne ya ɓata maka ba, jigo ne babu.

In jimlar ta tsaya, suna yakan fito daga cikinta. Magabata sun bi hanyoyi da har yau suna aiki. Abubakar Imam ya sa wa littafinsa na 1934 sunan abin da jarumin ya fita nema, Ruwan Bagaja, mai karatu ya san tun daga bango cewa tafiya ce za a yi. Balaraba Ramat Yakubu ta ɗauko kan karin magana a Alhaki Kuykuyo Ne, ta bar Bahaushe ya ƙarasa da kansa, ya kuma shiga littafin yana jiran ranar da alhakin zai cim ma mai shi. Karin magana yana da wannan ƙarfin, amma da sharaɗi: sai labarin ya cika alkawarin da karin maganar ya ɗauka. Yawancin masu saka shi yanzu don daɗin baki suke yi, ka karanta har ƙarshe ba ka ga inda ya haɗu da labarin ba.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa. A 2017 littafinta na Faransanci ya fito a Yawunde da sunan Munyal, les larmes de la patience, wato Munyal, hawayen haƙuri. Munyal haƙuri ne da Fulatanci, kuma duk macen da ta tashi a yankin nan ta san nauyin kalmar, don ita ake cusa wa amarya a kunne ranar kai ta ɗaki. Da aka sake fitar da shi a Faransa a 2020, bayan an yi masa gyara, sai aka kira shi Les Impatientes, wato marasa haƙuri, kuma da wannan suna ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare a shekarar. Sunan farko yana magana da wadda aka ce ta yi haƙuri. Na biyu yana magana da baƙon da bai taɓa jin kalmar ba, yana nuna masa matan da suka ƙi. Duka biyun daidai ne, kowanne da mai karatunsa. Saboda haka kafin ka zaɓi suna, ka san wa kake kira. Mai rubuta Hausa a nan yana da masu karatu iri biyu a lokaci guda: na gida da ke cakuɗa Hausa da Fulatanci da Faransanci, a Chadi har da Larabci, da kuma na Kano da Kaduna da Maraɗi waɗanda su ne mafi yawa a intanet. Kalmar da ta tsaya a unguwarku kaɗai za ta iya zama ado a cikin littafi, amma a bango takan zama katanga, sai in an biyo ta da ƙaramin bayani a ƙasa kamar yadda Amal ta yi.

Ga yadda nake ganin ya kamata a yi aikin. Kada ka tsaya kan suna ɗaya. Rubuta ashirin a zama guda, ba tare da tacewa ba. Biyar na farko kusan kullum na kowa ne, su Ƙaddarata, Rayuwata, Hawayen Zuciya, waɗanda in ka bincika a Facebook za ka tarar da littattafai barkatai masu ɗauke da su, naka ya nutse a ciki. Masu kyau daga baya suke zuwa, lokacin da kai ya gaji da na aro ya koma cikin labarin: wani abu da jarumar ke riƙe da shi, wata magana da kakarta ke yawan faɗa, sunan wani wuri. Ka zaɓi uku, kowanne kada ya wuce kalma huɗu, domin bangon littafi a waya bai fi kan babban yatsa girma ba, dogon suna ba ya karantuwa. Ka faɗa wa mutum uku da baki, ban da abokan rubutunka, ka koma washegari ka tambaye su wanne suka tuna. Wanda ya kwana a kansu shi ne.

Akwai wani abu da ake mantawa, haruffa masu lanƙwasa. Mutane da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ a wayarsu, ko suna da su ba sa amfani da su. Rubuta sunan babu lanƙwasa ka duba me ya koma. Ƙarya takan koma karya, baƙi ya koma baki. In ma'anar ta juye zuwa abin kunya ko abin dariya, canza tun kafin a buga bango. Kuma kada suna ya tona ƙarshen labari. In ka ce Mutuwar Amarya, ka riga ka kashe rabin sha'awar.

Yanzu batun cijewa. Abin da ya fi jawo ta a wurin marubutan yanar gizo shi ne sakin shafi kullum ba tare da ajiya ba. Mutum ya rubuta shafi uku, daɗi ya kwashe shi, ya fara saki. Masu karatu suna ta "a ƙara mana", wannan na cewa a kashe kishiya, waccan na cewa a haɗa su aure, shi kuma yana bin bakinsu. Kafin shafi na ashirin labarin ya zama na mutum ɗari, ba wanda ya san inda ya dosa. Kada ka saki shafin farko sai kana da goma a ajiye, kuma ka san yadda za a ƙare ko da a layi biyu ne.

In kuma ka riga ka tsaya, kada ka zauna kana kallon wurin da ka tsaya, matsalar ba kasafai take nan ba. Koma baya babi biyu ko uku, nemi inda ka sa wani ya yi abin da halinsa ba zai yi ba don kawai labari ya tafi. Uba mai taurin kai ya amince cikin layi ɗaya, ko sirrin da ya kamata ya kai ƙarshe ya tonu tun da wuri. Daga nan labarin ya mutu, kai ne dai ba ka lura ba sai da ka yi gaba. Yanke daga wurin, ajiye abin da ka yanke a wani fayil don kada zafin asara ya hana ka, sake ɗorawa.

Wata cijewar kuma ta harshe ce, kuma tamu ce ta nan. Wanda ya yi makaranta da Faransanci, yana ciniki da Fulatanci, yana Hausa a gida, sau da yawa jimla takan zo masa da wani harshe, ya tsaya neman Hausarta har zaren ya tsinke. Kada ka tsaya. Rubuta ta yadda ta zo, ja layi a ƙarƙashinta, wuce. Ranar gyara daban ce da ranar rubutu, haɗa su ne ke kashe mutane. In hira ce ta ƙi fita, ajiye alƙalami, kunna rikoda a waya, ba da wannan fage da baki kamar kana ba ƙanwarka labari, sannan ka saurara ka kwafe. Hausar da ke bakinka ta fi wadda kake ƙoƙarin ƙerawa a takarda rai, kuma yanzu da ake karanta littattafai da murya a YouTube, abin da ya yi daɗin faɗa shi ne ke tafiya.

Lokaci ma yana da hannu. Daga Maris zuwa Mayu, zafin Marwa da Injamena yakan haura digiri 40, ga ɗaukewar wuta, waya ba caji. Wanda ya ce sai dare ya yi tsit zai yi rubutu, barci da gumi ne za su raba shi da shi. Bayan sallar asuba, minti 40, kalma 300 a littafin rubutu na makaranta, ya isa. Kalma 300 kullum, a wata huɗu ka haura 35,000, littafi ke nan. Ka kuma tashi alhali ka san abin da zai biyo baya, ka rubuta shi a layi ɗaya a ƙasan shafin, gobe daga nan za ka kama. Abin da ka buga a waya kuwa, tura wa kanka kwafi ta imel duk mako, don wayar da ta faɗa ruwa ko aka sace ta tafi da littattafai da yawa da ba su dawo ba.

Mai jiran sai ya sami suna kafin ya fara, ya sa na wucin gadi, ko da sunan jarumar ne, ya ci gaba da aiki. In ya kai ƙarshe ya sake karanta babi uku na ƙarshe da biro a hannu, yana ja wa duk maganar da ta tsaya masa a rai layi, daga cikinsu zai fara jerin ashirin ɗin.