Ranar da na matse giga 500

Kawu ne ya kawo mini tsohon faifan kwamfutarsa na giga 500, da sabo fil a kwali mai girma ɗaya, ya ce in kwashe masa komai zuwa sabon kafin tsohon ya lalace. Hotunan aikin Hajjinsa na ciki, da lissafin shago na shekara da shekaru. Na ce, “Kawu, ai wannan aikin shan shayi ne.”

Na jona su biyun, na buga lsblk, umarnin Linux mai nuna sunayen faifan da aka jona: tsohon sdb, sabon sdc. Na rubuta dd if=/dev/sdb bs=4M, umarnin da zai kwafe faifan sdb gaba ɗaya, na tura ta gzip, mai matse bayanai, zuwa fayil. Ko minti biyar ba a yi ba aka ɗauke wuta. Na tayar da janareta, na kunna kwamfuta, na danna kibiyar sama, umarnin ya dawo, na sake shi. Ban sake duba lsblk ba. Gwani zai duba abu sau biyu?

Awa huɗu janareta na shan mai. Da aka gama, fayil ɗin bai kai rabin giga ba. Nan take na kira Kawu, ina hura hanci: “Na matse maka giga 500 ya koma rabin giga.” Ya ce, “Allah ya yi albarka, boko bai faɗi ƙasa banza ba.”

Saura in juye fayil ɗin a kan sabon faifan, wanda na ɗauka shi ne sdc. Na rubuta of=/dev/sdc, yatsana na kan Enter, sai ƙanwata da ta shigo karɓar caja ta ce, “Yaya, wai me ya sa tun ɗazu fitilar sabon ce ke ƙyaftawa, tsohon yana barci?”

Gumi ya karyo mini. Ashe da kwamfutar ta sake tashi, sunayen sun yi musanya, don Linux wanda ya fara gani shi yake ba harafin farko. Awa huɗu ina kwafar faifan da babu komai a ciki, sifili zalla, shi ya sa ya matsu kamar auduga. Kuma sifilin nan nake shirin shimfiɗawa a kan Hajjin Kawu. Shi kuwa dd ba ya tambayar “ka tabbata?”

Na sayi bakinta da tsire, na sake aikin ta /dev/disk/by-id, inda kowane faifai ke da lambarsa. Kawu dai har yau yana ba da labarin rabin gigan a majalisa, jiya ma ya turo mini mutum biyu da faifansu.